Takardar da ke cikin gwangwanin fenti

Shekara talatin Baba Mai Fenti yana shafe bangon mutane, kuma duk unguwa an san shi da taurin kai guda ɗaya. In ya taɓa bango ya ji danshi, wallahi ba zai tsoma buroshi ba sai mai gida ya rubuta da hannunsa cewa an nuna masa, shi ya ce a shafe. Tun yana saurayi aka taɓa zaginsa a kan fentin da ya ɓare, alhali laifin bango ne, ya rantse ba za a sake ba. Takardun yana tara su a wani tsohon gwangwanin fenti ƙarƙashin gado. Matarsa har tsiya take masa: "Malam, gadon da za ka bar mana ke nan?"

Rabin aikinsa daga hannun wani dillalin gidaje yake fitowa. Dillalin ne ya sayar wa wata malamar makaranta gida da kuɗin sallamarta kaf, yana rantsuwa ruwa bai taɓa shiga ba. Damina na sauka ruwa ya kai mata gwiwa a falo. Katifa, littattafai, komai ya jiƙe.

Ta kai ƙara. Lauyarta ta gaya mata gaskiya: "Malama, mun nuna abin da ya faɗa ƙarya ne, mun nuna a kan maganarsa kika saya, asara kuma ga ta a fili. Saura abu ɗaya. Sai mun tabbatar ya san ƙarya yake yi lokacin da ya faɗa. In babu wannan, kuskure za a kira shi, ba damfara ba." Shi kuwa dillali ya kafe, wai shi ma bai sani ba. Kai, mutum!

Labari ya iso wa Baba yana kan tsani. Ya san gidan sarai. Shi ya rufe layin da ambaliya ta bari a bangon falon da shafi uku, bai san sayarwa za a yi ba. Ya sauko ya koma gida, ya zazzage gwangwani a kan tabarma, ya tsamo takardar gidan.

"Ka san in ka je kotu, aikin dillalin nan ya ƙare maka," in ji matarsa.

"Na sani."

"To, bari in goge maka rigar."

A kotu lauyan dillali ya taso masa da gadara: "Baba, kai da ko karatun kirki ba ka yi ba, me ka sani game da hujja?"

"Ban sani ba, ɗana. Bango na sani." Ya miƙa takarda, gefenta duk ɗigon farin fenti. Alƙali ya karanta a fili: an nuna min alamar ambaliya a falo, ni na ce a rufe. Ga kwanan wata, wata biyu kafin ciniki, ga sa hannun dillali. Dillali ya sunkuyar da kai, gumi na keto masa.

Aka warware cinikin, aka ce a mayar wa Malama haƙƙinta. Dillali bai sake kiran Baba ba, ko gaisuwa. Baba ya ji zafin abin, don wata uku yana zaman jiran aiki, amma ko sau ɗaya bai yi nadama ba.

Da Malama ta zo godiya tana share hawaye, kunya ta kama shi. Ya ce, "Haba Malama, daina gode min. Hannuna ne ya rufe. In ban buɗe ba, wa zai buɗe?"

Matarsa na daga ƙofa tana ji. Ranar ta ɗauko gwangwanin daga ƙarƙashin gado, ta goge shi tas, ta ɗora a saman kabad inda take ajiye kwanukan aurenta.