Malam Ramalan da Ƙarfen Gaban Mota

Kullum da sassafe Malam Ramalan kan hau tsohon babur ɗinsa daga Lausu ya nufi makarantar sakandaren da yake koyar da Fiziks a Rano. Gudunsa kuwa ko mai keke na iya wuce shi. A jakarsa akwai alli, da ƙwallon roba, da curin laka a ƙulle cikin leda. Matarsa Dije ta gaji da faɗan lakar nan da ke ɓata masa aljihun riga, har ta sallama. Haka ya yi sama da shekara talatin, kuma a watan jiya ya yi ritaya.

Duk wanda ya zauna a ajinsa ya san darasin karo. Sai ya wurga ƙwallon a bango, ta dawo masa hannu. Ya wurga lakar, ta manne, ta baje. Sannan ya juyo yana goge hannu ya ce, "Karo iri biyu ne, samari. Akwai mai dawowa, akwai mai mannewa. Ƙwallo ta dawo da ƙarfin gudunta kusan duka. To na lakar fa, ina ya tafi?" Ya ce, "Bai ɓace ba. Shi ne ya baje ta. Ƙarfin gudu sai ya sami inda zai shiga." Mu dai a lokacin abin dariya muka ɗauke shi, har muna kiransa Malam Laka a bayan idonsa.

Ni da ƙanena Mika'ilu duk mun bi ta hannunsa. Mu biyu ke nan iyayenmu suka bari. Mika'ilu ya zama direba, yana ɗaukar fasinja tsakanin Kibiya, Rano da Kano, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Akwai wata al'ada a tasharmu. Direba na samun mota, kafin ma ya wanke ta, sai ya kai wa mai walda a ɗaura mata katon ƙarfe a gaba, a haɗe shi da ƙashin motar. Wai don ko ta yi karo kada ta lotsa. Motar da ba ta da ƙarfen, motar kwali ake ce mata. Da Mika'ilu ya sami tasa, ni na raka shi rumfar Ishiyaku mai walda, har an auna an fara yanka. Sai ga Malam ya biyo hanyar zai koma gida. Ya hango mu, ya kashe babur.

"Mika'ilu, me za a yi wa motar?"

"Ƙarfafa ta za a yi, Malam. Kun san halin hanyar nan."

Malam bai yi masa musu ba. Ya ɗauki guntun rodi a ƙasa, ya ce Mika'ilu ya tokare shi da tafin hannunsa, ya karɓi gudumar Ishiyaku ya ƙwanƙwasa ɗaya bakin. Mika'ilu ya yar da rodin yana yarfe hannu, "Wash! Malam, ai sai ku karya ni!" Sannan Malam ya ɗora masa gwangwanin madara wanda ba komai a ciki, ya buga kamar na farko. Gwangwanin ya lotse, hannun kuwa ko gezau.

"Rodi bai ji komai ba, kai ka ji," in ji Malam. "Gwangwani ya lotse, kai ka tsira. Waɗanda suka ƙera motar nan da gangan suka bar gabanta ya iya lotsewa, don ya shanye dukan a hankali kafin ya iso ga mutanen ciki. In ka hana ta lotsewa, ƙirjinka da na fasinjanka ne za su lotse."

Ishiyaku ya ce, "Haba Malam, a bakin abincina za ku zauna?" Aka yi dariya. Mika'ilu kuma ya fara kame-kame, wai abokansa za su yi masa tsiya. Gaskiya ba hujjar ce ta ci shi ba. Malam ne ya ja benci ya zauna, ya ce ba inda za shi sai an mayar da ƙarfen nan inda aka ɗauko. Ya dube shi ya ce, "Ban koyar da kai don in zo zaman makokinka ba, ɗana. Kuma bel ɗin ɗaure jikin nan da ka tura ƙarƙashin kujera, fito da shi." Kunya ta hana Mika'ilu musu. Muka tafi da mota ba ƙarfe, yana ta ƙunƙuni har gida.

Tsiya kam ya sha ta a tasha. Yana shigowa sai a hau kiran "ga mai kwali nan, a matsa kada iska ta ɗauke shi!"

Daminar bara, ana yayyafi da hantsi, ya sha wata kwana kusa da Kahu ya tarar da tifa ta mutu a tsakiyar titi, ko ganye ba a sa ba. Ya taka birki, mota ta zame, ta shige bayan tifar. Daga baya na ga motar da idona. Gaban ya naɗe har kusa da gilashi. Wanda ya gan ta ba zai ce an fitar da mai rai ba. Amma kowa ya fita da ransa. Wasu sun ƙuje, wata tsohuwa ta fashe a goshi, Mika'ilu ya karye a ƙafa.

Da Malam ya zo dubiya asibiti, Mika'ilu ya juyar da kai bango yana hawaye. "Malam, motar ta tafi. Da ita nake ci da iyalina." Na zaci Malam zai tuna masa maganar ranar walda. Bai yi ba. Ya riƙe hannunsa, shi ma idonsa ya ciko, ya ce, "Na sani, ɗana. Ka yi haƙuri. Ita ta karɓar maka dukan." Bayan an sallame shi, Malam ne ya yi ta zarya har ya samo masa tuƙin motar wani Alhaji.

Rai na Allah ne, Shi ya kiyaye, amma Allah ya ce tashi in taimake ka. Malam Ramalan na Dije, kai ne ka bi ɗalibinka har rumfar walda da darasin da ya riga ya manta. Ba a biya ka wannan zaman bencin ba, ba wanda ya sa ka. Kai ne malamin da ba ya sallamar yaro don ya bar aji. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka ci moriyar hutunka cikin lafiya.

Ku malamai masu tasowa, in kun ga abin da kuka sani zai ceci wani, ku kashe babur ku tsaya, ko za a ce kun cika shisshigi. Ku kuma 'yan tasharmu, har yau ina ganin ƙarafan nan a gaban motocinku, kuma gabana faɗuwa yake.

Na gode, Malam. Ƙanena yana nan. Da safen nan ma ya shigo gidana yana ɗingishi, ya cinye mini ƙosai, ya ce wai ba gishiri.