Gaisuwa Ce Ta Cinye Min Kunne

Gaisuwa ce ta cinye min kunnen hagu, kuma ba zan ba kowa haƙuri don na faɗi haka ba. A lokacin ni mai injin niƙa ce a wani ƙauye ta wajen Ruwan Bago, a ƙasar Rogo. Maigidana ya rasu ya bar min inji da rumfar kwano da bakuna biyar. Sai da furfura ta fara leƙo min na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka wasiƙar nan da hannuna na rubuta ta. In kun ga karkace ku gyara, amma kada ku taɓa min magana.

Wanda bai taɓa wuni a rumfar niƙa ba bai san ƙara ba. Tun hantsi har la'asar ina tsaye kan dawa da gero da masara, ga markaɗen gyaɗar masu ƙuli, kwanon rufi yana dawo min da kukan injin a tsakar ka. In na koma gida sai kunnuwana su yi ta ƙugi kamar ƙudan zuma sun tare a ciki. Na ɗauka gajiya ce.

Ɗan yayata, magidanci ne da iyalinsa, yana aiki a filin jirgin sama a Kano, cikin masu tsayawa gindin jirgi. Da ya zo gaisuwar sallah ya lura komai ya faɗa sai na ce ya maimaita. Zuwansa na gaba sai ga shi da marufin kunne guda biyu irin wanda suke sawa a wurin aiki, kamar ƙoƙo biyu da aka haɗa da baka. Ɗaya mai nauyi ne, yana matse kai. Ɗayan sakayau, mai laushi. Ya ce in ɗauki mai nauyin, in cire 'yan kunne, in sa shi a kan fata ba a kan ɗankwali ba, don in iska ta samu kafa ƙara ma ta samu. Na ce masa ni na goya shi, ba shi zai koya min ɗaurin kallabi ba. Ya yi dariya ya ce to Inna, kunnen dai naki ne.

Na gwada mai nauyin kwana uku. Gumi, ga ciwon kai, amma fa ƙarar ta koma kamar daga wani gari take zuwa. A rana ta uku gwaggon marigayi maigidana ta shigo da ƙwaryar gero ina duƙe ina gyara bel ɗin injin. Ashe ta yi sallama sau uku, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya, ni ko gezau. Ta ajiye ƙwaryar ta fita. Kafin magariba labari ya zaga ƙauye cewa tunda na fara riƙe fensir na fi ƙarfin amsa gaisuwar manya. Matan unguwa suka sa min suna matuƙiyar jirgi, wata har tana tambayata yaushe za mu tashi zuwa Makka. Biyu daga masu kawo min gyaɗa suka koma injin gaba da mu. Na je har ɗaki na durƙusa na ba gwaggo haƙuri, ta ce ita ba ta san wani marufi ba, ta san dai ta yi gaisuwa an bar ta tsaye kamar turmi.

Nan na yi wautar da nake cizon yatsa a kai har yau. Na rataye mai nauyin a ƙusa, na ɗauki sakayau ɗin, na ɗora shi a kan ɗankwali da hijabi, 'yan kunnena na nan daram. Daɗin sawa kam ba a magana, kuma ina jin sallamar kowa ina amsawa. Ban tsaya na yi tunanin cewa kafar da sallama ke bi ta shigo, ita injin ke bi ba. Da damina biyu suka wuce ma na daina sa shi gaba ɗaya.

A aji asirina ya tonu. Malama tana yi mana shifta, kowa na rubutu, ni ina kallon leɓenta. Ta dawo da ni layin gaba, duk da haka rabi nake tsinta. Ta ja ni gefe ta ce in je a duba ni. Na hau mota daga Rogo zuwa Kano, ɗan yayata ya kai ni asibiti. Likita ya gama aune-aunensa ya ce na hagun ya tafi, ba magani ba allura, na daman ma ya fara bin sa, in na ci gaba a haka shi ma ba zai daɗe ba. Ɗan yayata ya raka ni tasha, ya sa ni a mota. Da ma ya zage ni.

Abin da ya fi ƙona min rai, yanzu ba marufi ba komai a kaina, a gaishe ni ta hagu in wuce ban ji ba, kuma masu cewa ina da girman kai ba su fasa ba. Na ba da kunne don in tsira daga bakinsu, ban tsira ba, kunnen kuma bai dawo ba. Ku masu niƙa da masu injin casa da masu janareto, daga nan har Ƙaraye, ku ji daga bakin wadda ta gani: kada ku zaɓi marufi don taushinsa. In kuna jin hirar mutane tar a cikinsa, ado kuka sa. Ƙugin nan na bayan tashi daga aiki ba gajiya ba ce, kunne ne yake muku ban kwana.

Washegarin dawowata daga Kano na sauko da mai nauyin daga ƙusa, na kakkaɓe yanar gizo, na cire 'yan kunnena na ƙulle a bakin zane. Na samu gawayi na rubuta a bangon rumfa da manyan baƙaƙe cewa in inji na aiki a ɗaga min hannu, gaisuwa sai an kashe. Gwaggo ce ta fara zuwa. Ta tsaya tana kallon bangon, ta tambayi me aka zana. Na karanta mata, na ce in tana son ta karanta da kanta akwai sauran wuri a bencinmu. Sannan na gaishe ta tsaf, tun daga kwana har jikoki, na rufe kunnena, na tayar da inji.