Ni da Kazar Maɗori

Ƙafata ta dama ta karye a hanyar Tsafe, a shekarar da ake shirin zaɓe. Kabu-kabu nake yi a Gusau tun da muka baro ƙauye. Na ɗauko buhun masara, wata mota ta goge ni, na faɗa kwalbati, babur ya biyo ni. Ban suma ba. Na duba, na ga ƙaurina ya lanƙwashe inda babu gaɓa.

A lokacin gari ya rabu biyu. Kowace jam'iyya da mai shayinta, da wanzaminta, da mai facinta. Mutum zai tura babur ya wuce mai faci a ƙofar gidansa, ya je nesa wurin nasu. Ni ma haka nake yi. Ban ga laifi ba, har yau ban gani ba sosai. Inda za a zagi abin da kake so, shayin wurin ba ya shiga.

Aka kwantar da ni a tsakar gida. Yayana ya ce a koma da ni Tsafe, akwai wani maɗori namu a can, sabon hannu.

Inna ta ce, "Namu a ɗori, ko namu a ihun siyasa? Bungudu za a kai shi."

Yaya ya ce, "Inna, tsohon nan na Bungudu shi ke tara wa waɗancan mutane. In ya murɗe mishi ƙafa fa? In ya aje shi kwance har a gama zaɓe?"

Suka dube ni. Na taɓa ganin wani direban tipa da tsohon ya ɗora, yana tsalle daga kan mota. Na ce, "Bungudu."

Yaya ya kai ni, ya sauke ni a ƙofa. Bai shiga zauren ba, bai kuma dawo ba.

Tsohon siriri ne, hannunsa kamar saiwa. Ya shafa ƙafar ya ce, "Wanga ɗan su wane na, ko? Ku da kunka ce za ku kwance duk abin da munka ɗaura. To zo in ɗaura wannan, mu gani."

Na ce, "Baba, ƙafa na kawo, ba baki ba."

Ya yi dariya. Ya sa aka kamo wata jar kaza. A gabana ya karya mata ƙafar dama, ƙas, ya ɗaure da tsinke da zare. Haka al'adar gidansu take: a karya kaza daidai inda mutum ya karye, a ɗora su tare, ranar da ta taka shi ma ya kusa. Sannan maza suka danne ni, ya yi bismilla ya ja. Na ga fari fat. Da na dawo hayyacina, ƙafata tana cikin karare da tsumma, tana warin man shanu.

Daga nan kwanaki suka narke. Ban san Litinin ba, ban san Alhamis ba. Zazzaɓi ya zo, ya tafi, ya sake zuwa. Da rana haske yana sauka ta wata ɓula a rufin zauren, ya bi bango a hankali, ya haye hoton ɗan takararsu da aka manna saitin kaina. Fuskar da na sha yagewa a titi. Wani lokaci sai in ga ya sauko ya zauna a bakin tabarma yana yi mini fifita da hularsa. Wani lokaci zauren ya zama gonarmu ta ƙauye, dawa ta yi kai, mahaifina yana can ƙarshen kunya yana kirana, ni kuma ina gudu da ƙafa biyu, ba na isa. Daga nesa ana jin ruwan gulbi, da lasifikar motocin kamfen, kiɗan namu da nasu duk sun zama abu ɗaya.

Kazar tana cikin akurki kusa da ni. Maganar Yaya ba ta bar kaina ba. Na ce a raina, in zai cuce ni sai ya cuci kazar tukun. Na zuba mata ido kamar mai gadi. Ina gutsura mata tuwona. In ta lumshe ido in lumshe. Har na fara jin kamar ciwonmu ɗaya ne, ana raba mana shi da ludayi.

Kullum da hantsi tsohon zai kwance, ya shafa, ya yi tofi, ya mayar.

"Ɗan adawa, ka kwana?"

"Na kwana, Baba."

"Naku ya zo garin nan jiya. Ya yi alkawarin gada."

"Naku ya yi alkawarinta tun ina yaro."

"Miƙe ƙafar, marar kunya."

Wata rana da yamma kazar ta fito. Ta ɗingisa, ta tsaya, ta tona ƙasa da ƙafar da aka karya. Ban san na riƙe numfashi ba sai da na sake shi.

Bayan ta, aka ba ni sanda. Daga tabarma zuwa ƙofa. Daga ƙofa zuwa masallaci. Ana saura kaɗan zaɓe ya kwance karare ya jefa a murhu.

"Tashi ka tafi gida. Je ka dangwala wa ɓarawonka, amma ka sani da ƙafata ka je."

Ranar zaɓe na fita ba sanda. Layi ya yi tsawo, rana ta buɗe, babu inuwa. Yaya yana can gaba. Ya waiwayo, bai kalli fuskata ba, ƙasa ya kalla. Na tsaya tun hantsi har aka kira azahar. Ƙaurin ya yi zafi, ya yi tsami, amma ya ɗauke ni. Na shiga na zaɓi namu, na tako gida a ƙasa.