Na'ibi Mai Faɗin Ƙwallo

Na'ibi mutumin Mayurno ne ta ƙasar Sudan. Tare muka yi dako a tashar jirgin ruwa ta Jidda har buhun siminti ya lalata masa baya. Daga nan Abdulghani, mai shagon gahwa a unguwar Madain Fahd, ya ba shi ɗakin bayan shago da abinci sau biyu. Aikinsa ɗaya ne: ranar wasa ya manna kunne a rediyo, ya saurari Balarabe mai sharhi, ya juya mana da Hausa. Larabcin yawancinmu na ɗauka da ajiyewa ne, ba ya kamo mai saurin baki.

Ya iya aikin. Sai ya faɗi inda ƙwallo take tukuna, sannan wanda ke riƙe da ita. Ba ya ɗaga murya sai an kusa raga, don haka ko mai wanke kofuna ya san lokacin tsayawa. Shekara tara yana cika shagon gahwar nan da mutane. Bai taɓa shiga filin wasa ba.

A farkon shekarun saba'in Abdulghani ya sayo talabijin, ƙarama, mai hoto baƙi da fari. Ranar wasan 'yan Jidda da 'yan Riyad ya ɗora ta a kan kantar shago, ya ce a gabanmu, yana kiransa Ammi, wato kawu, "Ammi Na'ibi, yau za mu gani. In ido ya wadatar da mutane, halas, shi ke nan, ɗakin nan naka sukari da gawayi zan zuba a ciki."

Na'ibi ba shi da kowa a garin, bayansa kuma ba ya ɗaukar ko tulu.

Bayan la'asar aka fara. Mai sharhin talabijin ba irin na rediyo ba ne. Sai ya ambaci sunan ɗan wasa ya yi shiru, tunda kowa na gani. Na'ibi ya karkata kunne yana jiran maganar da zai juya, ba ta zo ba. Ya ɗaga kai ya dubi akwatin: mutane kamar yatsu, duk rigunansu ruwan toka.

"Namu ne da ita," in ji shi. "Suna tafe ta dama."

"Baba, namu hagu suke ci," in ji Rafi'u direba daga bencin gaba.

"Na sani."

"To gaya wa bakinka."

Aka yi dariya. Abdulghani bai yi ba, yana ta goge tire ɗaya. Gumi ya jiƙa wuyan rigar Na'ibi. Can ƙwallo ta shiga raga, ya miƙe da ƙyar ya ce mun ci. Mu aka ci.

"Zauna, Baba," in ji Rafi'u, wannan karon ba da wasa ba. "Ka tare mana hoto."

Da aka tafi hutun rabin lokaci ya shige ɗakinsa. Na ɗauka kayansa yake ɗaurewa. Sai ya fito da tsohuwar rediyon, ya ja kujerarsa zuwa bakin ƙofa, ya juya wa talabijin baya. A waje mutum ya fi arba'in a tsaye cikin rana, suna ɗage wuya, ba abin da suke gani sai ƙeyar juna.

Ya kunna, ya manna kunne. "Tana tsakiyar fili. Lamba takwas ya ɗaga kai. Ya miƙa gefen hagu, ba kowa a gabansa."

Na waje suka daina turereniya. Wani ya tsuguna, sauran suka bi. Na ciki suka yi ƙorafi cewa bakinsa na zuwa bayan hoto, bai waiwaya ba. Da muka rama, ihun ciki ya riga shi, amma na waje ba su motsa ba sai da ya faɗa da bakinsa.

An tashi ɗaya da ɗaya. Abdulghani ya fito da tire, yana tsallake ƙafafun mutane yana tsince kofunan da aka bari a ƙasa. Sau uku yana komawa. A na ƙarshe ya tsaya kan Na'ibi.

"Ciki ba a son jin ka, Ammi."

"Na ji."

"Kujerar ta zauna nan waje. Gobe zan sa a kafa rumfa."

"Sukarin fa?"

"Ƙarƙashin kantar shago ma wuri ne. Yalla, tashi ka ci abinci."

Na'ibi ya naɗe wayar rediyon a hannu. Sai da na kama kafaɗarsa ya iya tashi.