Ranar da Na Zauna a Kan Alkama

Me Malam ya gani a sararin sama ranar nan, wanda duk garinmu ba wanda ya gani? Na tambayi malamai, na tambayi tsofaffin manoma har da Fulanin da ke kiwo bayan gari, kowa da abin da yake faɗi. Jikata ce take rubuta wannan, ni ban san baƙi ba, amma ranar nan ba ta buƙatar takarda a wurina. Har in koma ga Allah ba zan manta da ita ba.

Shekarun nan ne da aka ce kowa ya noma alkama, mu mutanen tsakanin Kura da Bunkure muka duƙufa. Malam mijina ya zuba duk ƙarfinsa a fili guda bakin kwata, wato babbar hanyar ruwan da gwamnati ta haƙa. An yanke alkamar, an baza ta a fili ta bushe, ana jiran injin sussuka da zai zo washegari. Ita ce abincinmu na shekara. Idan ruwa ya taɓa ta a yashe, tsiro za ta yi.

Bazara ta kai bazara. Zafin nan da kaji ke buɗe baki, ruwan randa ya zama kamar an ɗora shi a wuta. Da can mutane kan zo wurin Malam su tambaye shi yaushe ruwa zai sauka, amma tun da aka kawo ruwan rani alamomin suka rikice. Kwaɗi suna kuka rani da damina, ƙasa kullum da danshi, tururuwa ma ta daina sanin lokacinta. Sai aka daina zuwa, kowa ya koma wa rediyo.

Ranar, da Malam ya idar da azahar, na ga ya zauna yana murza gefen buzun sallarsa da yatsu biyu. Ya shinshina. Ya fita ƙofar gida ya daɗe yana kallon gabas, inda ni ban ga komai ba sai fari fat. Ya dawo ya ce, "Ɗauko mayafinki, da tamfol ɗin nan. Yau kafin magariba za a yi abin da ba a yi ba."

Ƙaninsa yana zaure da rediyonsa a kunne. Tsakanina da shi dama wasa ne. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, masu na'ura a Kano sun ce sai nan da sati uku. Ko shamuwa ba ta zo ba."

Malam ya ce, "Shamuwa ba ta noma alkama."

Ƙanin ya juyo gare ni. "Amaryarmu, ke ma kin yarda? Zafi ne ya taɓa tsohon naki. Ki dama masa kunun tsamiya ya kwanta."

Na ce, "Kai dai riƙe akwatinka, in ruwan ya zo ka shiga ciki ka fake."

Na faɗa ne don kada in bar mijina shi kaɗai, amma a raina ni ma ƙanin na gaskata. Wannan yana cikin abin da ke sa ni kuka har yau.

Muka je fili muka tattara dammunan alkama mu biyu, muka lulluɓe su da tamfol, rana tana dukanmu, masu wucewa a keke suna tsayawa suna kallo. A hanya na tambaye shi me ya ji a jikin buzun. Ya ce fatar ta yi laushi. Na taɓa ta da yamman nan, na taɓa ta shekaru bayan haka duk bazara, ni dai fata nake ji. Na kuma tambaye shi don me yake jibga duwatsu a bakin tamfol ta gabas alhali iskar daga yamma take busowa. Ya ce wadda nake ji mai kiran ruwa ce, mai kawo shi tana bayanta.

Bayan la'asar iskar ta ɗauke ɗif. Ko ganye ba ya motsi. Sai gabas ta yi ja, ta koma baƙi, cikin lokacin da bai kai a dafa shayi ba. Muka hango ƙaninsa a tsallaken kwata yana gudu a cikin tasa alkamar, shi kaɗai, hula ta faɗi. Duwatsunmu ba su isa ba, gefe guda na tamfol yana ta tashi. Malam ya zaunar da ni a wurin, ya tsallaka ya tafi taya ɗan'uwansa.

Ban taɓa ganin hadari irin wannan ba. Ƙanƙara ta dake ni, kwanon rufin wani ya wuce ta saman kaina yana juyi. Ban tashi ba. Sun rufe rabin ta ƙanin, Malam ya kamo hanyar dawowa ta kan gaɓar kwata, a nan tsawa ta same shi. Na ga hasken, ban san a kansa ya sauka ba.

Alkamarmu ko ƙwaya ba ta jiƙe ba. Ita muka ci ni da yara har shekara ta zagayo, kowace loma da hawaye. Abin da na koya shi ne, mai ilimi a gidanka ka tambaye shi tun yana kusa, ka saurara da gaske, kada ka ce gobe.

Da ruwa ya tsagaita mata suka zo ɗaga ni, na ƙi. Sai da ƙaninsa ya durƙusa a gabana cikin laka, sannan na gane Malam ya rasu. Na ƙi tashi ne saboda abin da Malam ya ce da zai tafi, yana dariya, yana naɗe ƙafar wando:

"Zauna nan, ai kin fi dutse nauyi. Kada ki tashi sai na zo na tashe ki da kaina."