Iskar da Na Ara a Ɗakin Inji

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce a Illela, ban yi boko ba, ɗiyata ke riƙe da biro ina faɗi tana rubutawa. Lokacin da abin nan ya faru mijina ya daɗe da rasuwa, ina zaune da ɗiyana maza biyu da iyalansu, kuma har sannan ban yarda wani ya sussuka mini gero ba. Babban shi ne ɗan farina. Tun ranar da aka haife shi ban taɓa kiran sunanshi ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ido da ido ba. Haka uwata ta yi da yayanmu, haka na tarar. In ina da magana da shi, auta nake ba saƙo.

Babban ɗan canji ne a bakin iyaka, naira da sefa. Wata shekara ya shigo da wasu injuna kamar akwatunan ƙarfe, ya jera su a ɗakin da ke kusa da rumbuna. Auta, da yake aikin sola da haɗa waya ne sana'arshi, shi ya ja musu wuta. Ya ce mini injunan haƙar kuɗi ne na cikin waya, waɗanda ake ce wa kirifto. Na ce to, Allah Ya sa albarka. Ban tambayi mi suke ci ba, mi suka ƙi. Kayan ɗan fari ne, ina ni ina tambaya?

Abin da na sani, suna kuka kamar ƙudan zuma sun cika tulu, kuma ta wata taga a bayan ɗakin suna hura iska mai zafi da ƙarfi. Da bazara ta kama, iska ta ɗauke a garin nan, sai in ɗaga ƙwarya in zubo gero, ƙaiƙayi ya biyo tsaba ya sauka wuri guda. Rannan na bi ta bayan ɗakin, iskar ta ɗage mini gyale. Na tsaya. Na koma na ɗauko ƙwaryata. Wallahi ban taɓa sheƙa mai daɗi irin ta ranar ba, tsaba ta zube fes, ƙaiƙayi ya tashi sama. Daga nan kullum da hantsi, in maza sun fita, can nake sheƙata. Ban lura ba ashe ƙaiƙayin kewaya ɗakin yake yi, tagar gaba da injunan ke shaƙar iska tana janye shi ciki.

Sannu a hankali kukansu ya sake. Su yi ƙara kamar za su tashi sama, sai su yi tsit, koren haske ya koma ja. Auta ya shiga nema. Ya canza wayoyi, ba ta sake ba. Ya ciro akwatin wutar wannan ya sa wa wancan, ya ce ko shi ne mai laifi, shiru. Ya auna batura, ya wanke faifan sola, ya sayo sabuwar fanka daga Sakkwato. Wayarshi tana nuna mai cewa zafi ya yi yawa, shi kuma yana cewa ai bara ma an yi bazara ba su yi haka ba. Cikin injin ne kawai bai buɗe ba, don babban ya hana, wai wanda ya sayar ya ce in an kwance babu ruwanshi.

Nan magana ta ɓaci. Babban ya ce auta ya sa mai waya mai arha, ya ce dama gyaran fitilar kasuwa ya iya, ba aikin manya ba. Auta ya ce shi da bai san jar waya da baƙa ba, sai lissafin sefa, ya daina koya mai aiki. Yaran da tun suna rarrafe akushi ɗaya suke sa hannu, sai na ga ana raba musu tuwo. Auta ya fara maganar kama haya a Ƙonni ya kwashe iyalinshi.

Wata safiya ina share gindin tagar gaba, na ga ƙaiƙayi ya manne a ragarta kamar gashin tunkiya. Na gane. Amma wa zan faɗa wa? In na ba auta saƙo, babban zai ce uwa ta tsaya wa autanta. In je gaban ɗan fari in buɗe baki, abin da ban taɓa yi ba? Na yi shiru, na daina sheƙa a wurin, ina fatan injunan su warke da kansu. Ba su warke ba. Wannan shirun shi ne ya fi damuna har yau, ba sheƙar ba.

Ranar da na ga matar auta tana ɗaure kwanoninta cikin zane, na ɗauki ƙwarya biyu da gero. Su biyun suna ƙofar ɗakin, kowa ya juya wa ɗan'uwanshi ƙeya. Na wuce su na tsaya a bayan taga, inda inji ɗaya ke da sauran numfashi. Na ɗaga ƙwarya na zubo. Ƙaiƙayi ya tashi, ya kewaya, ya shige tagar gaba a kan idonsu. Auta ya ce Inna, tun yaushe? Na ce tun farkon bazara.

Babban da kanshi ya miƙa wa ƙanenshi abin kwance ƙusa. Da aka buɗe, ƙaiƙayi ya toshe tsakanin ƙarafan da ke sanyaya allunan ciki, ya dunƙule kamar kitso. Auta ya hure su da injin hura iska, ya goge, ya mayar ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa. Sauran suka tashi, allo ɗaya ya ƙone har abada. Na jira faɗa, ban ji ba. Babban ya duƙa nesa da ni, kanshi a ƙasa, ya ce laifinshi ne da ya kawo abu gida bai yi wa mutan gida bayani ba. Na kau da kai na ce a bar maganar. Iyakar hirarmu ke nan, kuma ita ce mafi tsawo da muka taɓa yi. Da azahar na ga akushi ɗaya an kai zaure. Washegari aka kafa mini fanka mai tsayuwa a gindin darbejiya, nesa da ɗakin.

Kunyar ɗan fari abu ne mai kyau, ban bar ta ba, kuma ba zan bari ba. Amma ku 'yan'uwana tsofaffi, in kun ga gida zai rabu, kada ku ɓuya a bayanta. In baki ya kasa, ku nemi hanyar da za ku nuna. Ku kuma samari masu shigo da injuna, ku faɗa wa tsohuwar gida abin da suke so da abin da suka ƙi, ko da ta bakin auta ne. Ba ta tambaya ba don ba ta iya tambayar ku.