Goman Balbela Takwas Ce

Shekarar da masu bindiga suka kama Mubi muka gudo Jimeta, muka sauka gidan kawuna a Jambutu. Baba bai zo tare da mu ba, a ƙofar gidanmu suka harbe shi. Ina da shekara goma sha ɗaya.

Maama, mahaifiyar Baba, ba ta taɓa kuka a gabanmu ba. Da an idar da magariba sai ta zauna bakin murhu tana soya mana gyaɗa, mu kewaye ta. A Mubi tatsuniyoyinta duk na dariya ne. A Jambutu kuwa, ba ta rufe labari sai wani ya mutu.

"Ku matso, ga wata nan," in ji ta wata rana.

Wai a tafkin Njuwa, Kada ya cinye 'ya'yan Balbela tas, sannan ya sa ta gadinsa. Ba ya tsoronta, don duk mazauna tafkin sun rantse, wanda ya yi ƙarya ruwa zai haɗiye shi. Balbela ta yi ta yi masa hidima shekara da shekaru.

Ran nan masunta suka zo, kowa da mashinsa, suka laɓe cikin ciyawa. Kada ya ƙirga su da yatsun hannuwansa, biyar nan, biyar can, suka cika cif.

"Su goma ne," ya ce. "Zan nutse. In goma sun tafi, ki kira ni."

Rana ta yi zafi, masunta suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, Balbela na lanƙwasa yatsu. To ita yatsu huɗu gare ta a kowace ƙafa, kuma a wajen tsuntsaye in yatsu sun ƙare, goma ta cika. Da na takwas ya juya, sai ta ɗaga murya, "Ranka ya daɗe, goma sun tafi!"

Nan Maama ta dakata, ta ɗaga mana yatsu biyu. "Saura nawa a cikin ciyawa?"

"Biyu!" muka ce.

"Da Kada ya ɗago kai, mashi ɗaya a ido, ɗaya a maƙogwaro. Kuma ruwa bai taɓa ta ba, don ba ta yi ƙarya ba."

Na ce, "Maama, 'ya'yanta sun dawo?"

"Ba su dawo ba, Hapsatu. Amma ranar ta ci abinci ta ƙoshi."

Sai da na girma na ji cewa maƙwabcinmu ne ya nuna wa masu bindiga gidanmu, kuma Maama ta sani tun ranar. Ta rasu yana nan da ransa, ba ta ko sake ganinsa ba. Abin da hannunta bai kai ba, shi take yi da baki a gaban murhu.

Yanzu lissafi nake koyarwa a wata sakandare a Bekaji. In muka zo ƙirga ta takwas-takwas, nakan rubuta 10 in ce wannan takwas ce. Gomarmu kuwa 12 ake rubuta ta: cika ɗaya, ragowa biyu. Sai in ba su labarin, nan take su gane.

Bara wata ɗaliba ta tambaye ni, "Malama, Balbela ta kyauta kuwa?"

Na ce mata yafiya ta fi, kuma na san haka ne. Amma da na juya zan rubuta biyun nan, sai da allin ya karye a hannuna.